Baƙon Da Na Ajiye A Teburi Shi Kaɗai

A cikin shekarun da na yi a Jidda akwai wata Juma'a da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kai ni ga rikita sunayen jikokina. Ba gobara aka yi ba, ba kame aka yi a unguwa ba, baƙo kawai na gayyata cin abincin rana. Amma abin da ya fito daga wannan gayyatar shi ya gyara mini zaman gidana, kuma ba ni na shirya hakan ba, ni burga na shirya.

A ƙarshen shekarun tamanin ne. Ina aikin kafinta a wani kamfani a unguwar masana'antu ta Jidda, muna haɗa manyan akwatunan katako da ake zuba injuna a ciki a kai su tashar jiragen ruwa. Ina zaune a unguwar Mahjar da maiɗakina da 'ya'yanmu huɗu. Mun daɗe a ɗaki ɗaya muna shan zafi kafin Allah ya buɗa muka samu gida mai ɗakuna uku da falo. Daga nan kuwa kaina ya fasu. Duk abin da ake jona wa wuta ina son in gan shi a gidana: talabijin, bidiyo, firiji, na'urar sanyaya ɗaki da mutanen can ke kira mukayyif. Da yaran suka fara faɗa a kan tasha, maimakon in tsawata musu sai na ƙaro wata talabijin, har ina yaba wa kaina dabara. Abinci kuwa kowa ya ɗauki farantinsa ya nufi inda akwatinsa yake.

Cikin haka mahaifinmu ya rasu a gida Najeriya, Inna ta rage ita kaɗai, don ƙanwata tana aure a nesa. Na fi shekara ina zirga-zirga wurin kafili, wato Balaraben da zamana a ƙasar yake hannunsa, kafin na samo mata iƙama, takardar izinin zama. Da ta iso na ba ta ɗakin da ya fi kowanne kyau, na sa mata mukayyif, ƙaramar talabijin, rediyo, har da ɗan firijinta. Na kafa doka: kada yaro ya shiga ya dame ta, kada a bar ta ta taɓa aikin komai, kuma ita za a fara zuba wa abinci a rufe a kai mata har ɗaki. In na zauna wurin shan shayi da abokai, bakina ba ya rufuwa wajen ba da labarin yadda na hutar da tsohuwa.

Sai dai tsohuwar ramewa take yi. Tire yakan dawo kusan yadda aka kai shi. Na kai ta asibiti, suka duba suka ce ba su ga komai ba. Na ce ko abincin Larabawa ne bai karɓe ta ba, na bi alhazai na nemo gero da kuka da daddawa, duk a banza. Wata na takwas da zuwanta ta aiko maiɗakina ta gaya mini in nema mata tikiti, gida take so. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini magana ido da ido, komai sai ta bi ta bakin wani. Wannan saƙon ya tayar mini da hankali, don na san in ta fita fitar sallama ba ta da hanyar dawowa, kuma a can ba wanda zai ɗebo mata ko ruwa. Bayan tashin hankali har da haushi na ji. Da me na rage ta? Na yi ta jan ƙafa ina cewa ana kan neman tikitin, ita kuma tana ƙara zubewa.

A daidai wannan lokacin aka kawo mana wani sabon shugaban aiki, Bature ɗan Amurka, dogo mai faɗin tafin hannu. Muna ce masa muhandis, wato injiniya, duk da ya sha gaya mana cewa aji takwas kaɗai ya yi a makaranta. Bai yi kama da sauran Turawan kamfanin ba. Su suna ofis cikin sanyi, shi yana tsakiyarmu da zufa, kuma in ya kama katako da hannu sai ka ajiye naka aikin ka tsaya kallo. Lokacin hutu yakan zauna a ƙasa tare da mu, da Yamalawa da Sudanawa, mu yagi burodi mu dangwali wake a kwano ɗaya. Kafin ya ci yakan sunkuyar da kai ya yi shiru na ɗan lokaci, in ya gama ma haka. Ina da ɗan Turancina na firamare, shi kuma yana da gurgun Larabci, da su muke lallaɓawa.

Wata rana na tambaye shi inda ya koyi aikin katako, ya ce wurin mutanensa, ana kiran su Amish. Manoma ne, ba sa jawo wutar lantarki cikin gida, ba sa tuƙa mota, keken doki suke hawa. Na yi dariya har da buga cinya, na ce muhandis ka raina mini hankali, a Amurkan? Ya ce ƙwarai, kuma ba talauci ba ne, su suka zaɓi haka. A raina na ce Allah sarki, ashe baƙauye ne. Tun daga ranar na ƙudurta sai na kai shi gidana ya ga yadda ɗan Hausa ya ci gaba a Mahjar.

Na gayyace shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tun Alhamis na hana gidan sakat. Mu a ƙasa muke cin abinci, to amma Bature guda a ƙasa? Na je wurin maƙwabcina Bamisire na aro teburi da kujera, da cokali mai yatsu da wuƙa. Maiɗakina ta dafa shinkafa da naman rago, ta rage yaji. Na jera komai a tsakiyar falo, na juya teburin ya fuskanci babbar talabijin.

A garinmu, baƙo mai daraja ba a zama a kansa yana cin abinci. Za a kai masa ɗakin baƙi, a ajiye masa ruwa, a ja ƙofa, don ya sake ya ci ya ƙoshi ba kunya. Ka zauna kana kallon bakin baƙo rashin tarbiyya ne. Haka na ga mahaifina yana yi, haka ni ma na yi. Da ya zo na zagaya da shi ya ga kayan wutana ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Sannan na zaunar da shi a kujera, na buɗe masa kwanuka, na kamo masa tashar da ke yin Turanci, na ce bismillah, na fita na ja ƙofa. Na kora yara ɗaki na ce kada in ji ko tari.

Bayan kamar rabin awa na leƙa in kwashe kwanuka. Talabijin a kashe. Abinci ko cokali ba a sa ba, har ya mayar da murafan ya rufe. Yana zaune a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa, fuskarsa ta yi ja. Ya ɗago ya dube ni, a hankali ya ce, "Na yi wani laifi ne a gidanka?"

Ban gane tambayar ba, kuma ban tsaya in gane ba, don ni mutum ne mai saurin hawa. Na ce masa ina zuwa, na fito ɗan lungun da ke tsakanin ɗakuna na tare maiɗakina ina huci. Na ce kin gani ko, ƙyamarmu yake yi. A wurin aiki ya ci da kowa don a ce shi na kirki ne, amma ya zo gidana ya ƙi taɓa abincina. Ina ta faɗa ban lura ƙofar Inna a buɗe take kaɗan ba. Sai muka ji muryarta daga ciki, da maiɗakina take magana kamar kullum.

"Ke, shi da wa aka ajiye?"

"Shi kaɗai, Inna."

"To ki ce wa mai gidan nan ya fitar da teburin mutane, ya shimfiɗa tabarma, ya zauna su sa hannu tare. Ba ƙyama ba ce. Abinci ne ba ya wucewa in mutum shi kaɗai ne. Ni na sani."

Wannan "ni na sani" ya shiga kunnena, amma a lokacin bai kai zuciya ba, hankalina yana kan baƙo. Na koma na jawo teburin na fito da shi, na shimfiɗa tabarma da ledar cin abinci, na juye shinkafar a babban tire, na kira manyan yarana maza biyu muka zauna. Muhandis ya sauko ya tanƙwashe ƙafa, ya sunkuyar da kai ya yi shirunsa, sannan ya sa hannu. Ban taɓa ganin Bature ya ci abinci haka ba, cin manomi sosai, sai da aka ƙaro.

Muna wanke hannu sai ga Inna ta fito da mayafinta da dardumarta, ta shimfiɗa a bakin ƙofar falo ta zauna. Rabon da in gan ta a falo har na manta. Ta kalli bango ta ce a tambayi baƙo abin da ya hana shi ci da farko. Ni na zama tafinta a tsakaninsu.

Ya ce a wurin mutanensa, in yaro ya girma shi zai zaɓa, ko ya ɗauki alkawarin addininsu ya zauna, ko ya tafi. Shi ya ɗauki alkawarin, daga baya kuma son injuna da ganin duniya ya ja shi ya fita. Wanda ya karya alkawari kuwa hukuncinsa ɗaya ne, a ƙaurace masa. Ba duka, ba zagi, ba a hana shi zuwa gaida iyaye. Sai dai ba za a karɓi abu daga hannunsa ba, kuma ba za a ci abinci da shi a teburi ɗaya ba. In ya je gida, mahaifinsa da 'yan'uwansa da 'ya'yansu suna kewaye da dogon teburin da shi da kansa ya taya ƙerawa, shi kuma a ajiye masa ɗan ƙarami a gefe. Ya ce da na zaunar da shi na ja ƙofa, abin da ya gani kenan, ya yi ta tunanin inda ya saɓa mini.

Na rasa inda zan sa fuskata. Na yi masa bayanin al'adarmu, ya yi dariya, ya ce ashe girma aka ba shi bai sani ba. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce a tambaye shi ko mahaifiyarsa tana da rai, kuma ita ma da hannunta take ware shi. Ya ce tana nan. Ya ce zuwansa na ƙarshe, ta yi ta matso da ɗan teburin har ya rage saura kamar faɗin yatsa tsakaninsa da babban, sannan ta ɗauko mayafin teburi guda ɗaya ta lulluɓe su duka biyun. Doka ba ta karye ba, ɗanta kuma yana kusa da gwiwar hannunta. Mahaifinsa ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

Inna ta sa bakin mayafi ta share ido. "Uwa kenan," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa mutanen nan suna da tsauri, ɗa ko me ya yi ba a raba shi da kwano. Na fassara masa, ya ce shi ma haka yake gani, amma duk da haka bai ga inda ya kai gidansu daɗin zama ba.

Daga nan ta shiga yi masa tambayoyi kamar ta samu ɗan garinsu. Yaya suke yi da tsofaffi? Ya ce ana gina musu ɗan ɗaki a manne da babban gida, ba sa nisa, kuma ba a raba su da aiki. Kakarsa har ta rasu ita ke ɓare wake da gyaran tufafi, jikoki na kewaye da ita. In rumbun wani ya ƙone, gari duka za a fito a tayar masa da sabo, mata suna girki. Inna ta ce ai wannan gayya ce. Ya ce da yamma kowa yana ɗaki ɗaya, don fitilar ɗaya ce. Masu buƙatar tarho kuwa a wata 'yar rumfa a bakin hanya suke ajiye shi, don kada ya yi ƙara ana cikin cin abinci wani ya tashi. Duk sabon abin da ya shigo, dattawansu sukan zauna su duba, zai tara iyali ne ko zai watsa su. In zai watsa su, ko ya kai me kyau, sai a bar shi a waje.

Da bakina nake juya wannan magana zuwa Hausa, a cikin falon da na cika da kayan da ban taɓa yi wa irin wannan tambayar ba. Inna tana cewa haka garinmu yake da, haka garinmu yake da. Muryarta ta buɗe, har tana gyara mini fassara alhali ba ta jin Turanci.

Can sai muhandis ya dube ni, da zuciya ɗaya, ya ce, "Ita mahaifiyarka da wa take ci?"

Na buɗe baki na ce, "A ɗakinta ake kai mata." Ya sunkuyar da kai yana wasa da kofin shayi. Inna ta ce me ya ce, na ce ba komai, yaba shayin yake yi. A nan ne maganarta ta ɗazu ta iso inda ya kamata ta iso tun farko. Na raka shi ya samu tasi, na dawo ban iya haɗa ido da kowa ba.

Washegari na tara gidan na soke dokokina da kaina. Na ce daga yau abincin yamma a falo za a ci, a ƙasa, talabijin a kashe, kuma ƙofar Inna a buɗe take ga kowane yaro. Maiɗakina ta harare ni ta ce, "Wato sai da Bature ya faɗa ka ji. Sau nawa na ce maka a bar yaran nan su riƙa shiga wurinta, ka ce ban san darajar manya ba?" Gaskiya ta faɗa, na haɗiye.

Kada ku ɗauka daga ranar gidan ya zama aljanna. Yaran, da yake haihuwar Jidda ne, sun fi sakewa da Larabci, suka yi ta gunaguni da shi suna cewa an hana su kallon wasan da ake yi daidai lokacin. Babban ya yi kwana uku yana cika yana batsewa. Inna kuma ta ce ita ba za ta ci abinci a gaban ɗan fari ba, sai da muka yi dabara: ni da maza a tire ɗaya na ɗan ba ta baya, ita da maiɗakina da 'yan matan a nasu. Ina jin ta a bayana tana faɗa. Wannan ta ci da hagu, waccan ta cika loma, wane ya ce mata "Sitti" ta ce ita Kaka ce ba Sitti ba. Yaro ya ce "halas", wato ya gama, ya miƙe, ta ce ya dawo ya ce alhamdu lillahi da bakin ubansa. Ta ƙwace yankan kuɓewa da tsintar shinkafa, ta fara sa baki a miya, har suka yi 'yar tsama da maiɗakina a kan yawan daddawa. Akwai ranakun da na yi kewar shirun da, ba zan ɓoye ba. Amma kwanonta ya fara komawa kicin a share, kumatunta suka fara dawowa, kuma kafin wata biyu ƙaramar 'yata ta iya tatsuniya da Hausa tiryan-tiryan.

Maganar tikiti na nan a raina. Na kasa tambaya, na kasa mantawa. Rannan dai na yi ƙarfin hali na aika maiɗakina ta ji ko har yanzu tana son tafiya, don in tana so ba zan ƙara riƙe ta da ƙarya ba. Ta dawo ta ce Inna ta ce a bari sai bayan azumi. Bayan azumi ta ce ai Hajji ya matso, wa zai bar Hajji ya tafi. Bayan Hajji ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Shekara bakwai ta yi tare da mu. Ta rasu wata ranar Talata da la'asar, a falo, kanta a cinyar babbar jikarta, aka yi mata sutura a Jidda. Allah ya jiƙanta da rahama.

Muhandis bai cika shekara biyu ba kwangilarsa ta ƙare. Ranar da zai tafi ya ce mini zai fara biyawa ta gida ya ga tsohuwarsa. Ban ƙara jin labarinsa ba, kuma ban taɓa gaya masa abin da tambayarsa ta yi a gidana ba. Wannan yana damuna har yanzu.

Ni ban zama Amish ba. Wanda ya san zafin Jidda ba zai ce a cire mukayyif ba, kuma har gobe ban yarda a ƙaurace wa ɗa a kan abinci ba. Yanzu ma da wayar hannu ta zo, jikokina kowa da tasa, faɗan da nake yi a bakin tire ya fi na da. Amma na koyi tsayawa in tambayi abu kafin in shigo da shi gida, na kuma koyi cewa hutun da ka tsara wa mutum ba tare da ka tambaye shi ba yana iya zame masa kurkuku. Mutanen da na yi wa dariya na kira ƙauyawa sun san nauyin cin abinci kai kaɗai, shi ya sa suka ajiye shi ya zama hukunci mafi girma ga wanda ya karya musu alkawari. Ni kuwa uwar da ta haife ni, ba ta yi mini laifin komai ba, na ɗora mata shi wata takwas ina kiran sa girmamawa.